Renon Yaya Basiru

"To wa yake yi mata wanka? Faɗa min, Yaya, wa yake yi?"

"Wa yake sayo sabulun?"

"Na ce wa yake yi mata wankan!"

"Ni kuma na ce wa yake sayo sabulun! In ba sabulu, da yashi za ki cuɗa ta?"

Zakiyya ta dire bokiti har ruwa ya fallatsa masa a takalmi. Wata huɗu ke nan suna irin wannan, ba ta taɓa cin nasara ba, don shi Basiru ba ya jin magana, jiran nasa lokacin kawai yake.

Bari in gaya muku yadda abin yake, a gurguje. Basiru yayan Zakiyya ne, dillalin riɗi a Dawanau. In ka ji shi a majalisa, sai ka rantse shi yake yanka wa riɗin duniya farashi. Ya saki matarsa Larai saboda ta faɗa a gaban baƙi cewa babur ɗin da yake hawa na aro ne. Da za ta tafi, ya hana ta ɗaukar 'yarsu Ramlat, mai shekara biyu da rabi, wai don a san akwai namiji a gidan. Tana fita ta nan, shi ma ya hau babur ɗin aron ya fita ta can. Innarsu kuwa ga ciwon gwiwa ga yanar ido. To wa ya rage? Zakiyya. 'Yar aji uku, jarrabawa saura sati shida, rabonta da makaranta har malamin lissafi ya aiko a tambaya ko aure aka yi mata.

Ita kuma Ramlat ta rame kamar an matse ta. Kullum tana bakin zaure tana leƙen hanya tana cewa, "Umma."

Yanzu ga sammaci ya zo. Larai ta kai ƙara tana neman 'yarta, ranar Litinin za a zauna.

"Ka ba ta 'yarta mana, Yaya," in ji Zakiyya. "Kai ko sunanta ba ka iya faɗa."

"Kunya ce! 'Yar fari ce! Ni mutumin da ne, ba irin 'yan zamanin nan masu lallaɓa 'ya'ya a gaban jama'a ba."

Wannan kam gaskiya ne. Kowa a ƙauyen yana ɗan kara da ɗan fari, amma Basiru ya mai da abin sana'a. Ba ya kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan". Ba ya ɗaukarta. In ta ɓullo ta gabas, ya juya yamma ya kama duba waya. Tun ranar suna bai yi mata kallon minti guda ba, kuma da wannan yake alfahari a teburin mai shayi.

Ana cikin haka Mati ya yi sallama. Mati mai cajin waya ne a bakin titi. An taɓa kai shi kotu sau biyu, shi ya sa ake ce masa Barista. Suka zauna a zaure, Zakiyya ta kama shara a daidai ƙofar, tana share wuri ɗaya.

"Alƙalan yanzu ba sa son surutu," in ji Mati. "Ebidens suke so. Ka nuna kai ne mai renon. Abu uku: hoto, katin asibiti, shaida. Ka kawo su, ka gama da ita."

"Reno?" Basiru ya yi dariya. "Ni da nake sarrafa tirela guda ta riɗi kafin azahar? Abin da mata ke yi suna hira? Barista, zo da wayarka gobe. Sai alƙali ya roƙe ni in buɗe makarantar koyar da iyaye."

Washegari Asabar, Zakiyya ta goya Ramlat, ta zura hijabi a kai, ta tafi inji kai niƙa. Layi ya yi tsawo, yarinya ta yi barci a baya. Tana dawowa da kwanon gari a ka, tun daga nesa ta hango kawunan mata jere a kan katangarsu kamar an shanya ƙwarya. Wasu sun taka turmi, wasu sun taka juna.

Ta shiga. Ta tsaya.

Ga Yaya Basiru a tsakar gida, da babbar rigar Juma'a da hula, ya ɗaura zanin Inna a ƙirji. A bayansa kuma ga yarinya tana zamewa a hankali, ta baro kafaɗa, ta wuce ƙugu, ta kusa kai wa gwiwa. Mati yana tsugune yana cewa, "Murmushi! Murmushin uba!"

Yarinyar kuwa ba Ramlat ba ce. Sadiya ce, 'yar Barira maƙwabciyarsu, wadda kullum take shigowa ta ɓular katanga ta yi wasan ƙasa. Tsararrakin juna ne, kuma rigar ankon suna ɗaya ce a jikinsu. Ya shigo ya tarar da yarinya a tsakar gidansa, shi ke nan, ya sunkuce ta.

"Yaya," in ji Zakiyya, "wannan fa…"

"Kauce, kin shiga hoto!"

"Yaya, ka tsaya ka ji. Yarinyar da ka…"

"Baƙin ciki! Barista, ka gani ko? Wata huɗu tana cika mana kunne wai reno wuya. Ga shi na yi a minti biyar."

Tsohuwa mai daddawa ta leƙo daga kan katanga. "Basiru, 'yar wa ka goya?"

"'Yar wa kuwa? 'Yar ubanta!"

Katanga ta ɗauki shewa. Wata ta faɗo daga kan turmi. Basiru ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara, don shi a tunaninsa yabo ne. Babu wadda ta ƙara cewa uffan. Wa zai ɓata wannan kallo na kyauta? Barira kuma tana gona roron gyaɗa.

Sadiya yarinya ce mai son mutane, ga shi ya cika mata hannu da biskit. Sai dariya take tana jan hularsa.

"Kun ga yadda ta san ubanta?" in ji shi.

Zakiyya ta ji numfashin Ramlat a bayanta, ƙarƙashin hijabi. Ramlat ɗin da in ta ji ƙarar babur ɗinsa take shigewa bayan randa. Ta ajiye gari ta nemi inuwa ta zauna.

Sai ga wani danshi yana bin bayan babbar riga, yana sauka har ƙasa.

"Alhaji, an yi maka ruwa," in ji Mati.

"Zufa ce. Zufar reno. Ɗauka, alƙali ya ga wahala."

Aka zo ba da koko. Ya dama shi da ƙarfi kamar mai kwaɓa siminti, ludayi ya tsaya a ciki cak. Ya kai wa Sadiya baki, ta ture, kwanon ya kife a cinyarsa. Ya yi tsalle yana "Wayyo! Wayyo!" yana riƙe da wando, Mati yana bin sa da waya yana cewa wannan ma ebidens ne.

Aka zo kitso. Ya laluba aljihu ya zaro basilla, wadda yake ɗinke bakin buhu da ita. Matan katanga suka kwarma ihu.

"Ku kwantar da hankali, tsaga zan yi ba ɗinki ba!"

Ya raba gashin gida huɗu, ya kama kowanne ya naɗe da zaren buhu, ya ƙulle tamau, ya datse da haƙori. Kan yarinya ya fito da kunnuwa huɗu, sak buhun da za a loda a mota.

"Wannan ko Legas aka kai ta ba zai kwance ba," in ji shi.

"Saura awo," in ji Mati. "Na ji mata suna cewa sun kai yara awo."

"Awo? A gabana ake maganar awo?"

Ya shiga ɗaki ya fito da sikelinsa. Ya rataya a reshen darbejiya, ya zura Sadiya a buhu, kanta a waje, ya maƙala. Yarinya tana lilo tana ƙyalƙyala dariya. Ya kanne ido ɗaya ya duba.

"Kilo goma sha ɗaya. Ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi. Ɗauka, Barista!"

Kar in ja ku. Lahadi ya shiga ɗakin Inna ya birkice gwangwanin takardu, ya fito da wani kati mai ruwan ganye. Zakiyya ta hango shi. Ita fa bana karatu ya zauna mata, ko takardar ƙunshin ƙosai ta tsinta sai ta karanta. Kallo ɗaya ta yi wa katin ta gane.

"Yaya, kawo in karanta maka. Ba shi ba ne…"

"Ni ma na yi firamare. Ga tambari, ga sa hannu, ga hoton allura. Me ya rage?"

"Sau uku ke nan ina so in gaya maka abu."

"Sau uku ke nan ina ce miki ki yi shiru. Ranar Litinin ki riƙe yarinyar nan, ki rufe bakinki. In ina magana, ki dinga gyaɗa kai."

"To," in ji Zakiyya. "Zan gyaɗa."

Shaida kuwa, wa kuke tsammani ya ɗauko? Barira. Wai ita ce katangarta ke jingine da tasu, ita ta fi kowa sanin irin hidimar da yake yi. Barira ta ce ita dai abin da ta gani za ta faɗa, tana ganin fitarsa tana ganin shigarsa. Ya ce ya isa, sauran shi zai cike.

Ranar Litinin kotu ta cika, don rabin matan katanga sun yi hayar a-kori-kura sun biyo. Larai tana gefe ɗaya da babanta, idonta a kan hijabin Zakiyya. Ramlat ta leƙo, ta hango ta. Ba ta yi kuka ba. Zamewa ta yi ƙasa, ta ratsa ƙafafun mutane da gudu, ta cusa kai a cinyar uwarta ta ƙanƙame. Larai ta sunkuya ta rungume ta.

Basiru bai gani ba. Yana gyara hula.

Alƙali dattijo ne mai magana a hankali. Ya saurari Larai, ta faɗi nata a taƙaice. Ya juya.

"Malam Basiru, ka ce kai ne mai renon yarinya?"

"Allah ya gafarta Malam, ni ne uwa ni ne uba. Ni ne wanka, ni ne goyo, ni ne kitso. Kafin in tafi kasuwa na dama koko, in na dawo na duba nauyinta. A garinmu mata har katanga suke hawa su koyi aiki a wurina."

Aka ji wani "hmm" daga bayan kotu.

"Madalla. Yaya sunanta?"

Basiru ya sosa ƙeya. "Allah ya gafarta Malam, 'yar fari ce."

"Na sani. A nan kotu ce, faɗi."

"Bakina ba zai iya ba. Amma duk yana cikin kati." Ya zaro katin ya ɗaga sama, ya juya shi hagu da dama kowa ya gani.

"Karanta mana."

"Idona yana ɗan yaji yau. Ga ƙanwata, ni na sa ta a boko. Ke, tashi ki karanta. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Zakiyya ta tashi. Ta karanta dalla-dalla, yadda malamar Hausa take so.

"Katin rigakafi. Iri: akuya. Launi: ja. Alama: ƙaho ɗaya a karye. An ba ta maganin tsutsa. Shawarar malamin dabbobi: a daina barinta tana cin leda."

Kotu ta fashe. Ɗan sandan bakin ƙofa ya juya ya fuskanci bango, bayansa yana girgiza. Alƙali ya buga tebur, amma shi ma sai da ya ɗan jima yana gyara rawani a daidai bakinsa.

"Kuskuren gwangwani ne!" in ji Basiru. "Takarda ai takarda ce, kowa yana iya ruɗewa. Amma hoto ba ya ƙarya. Barista, kawo!"

Mati ya wanko su manya-manya, har da ƙawata gefe da furanni. Magatakarda ya karɓa ya miƙa wa alƙali. Alƙali ya duba na goyo, ya duba na koko, ya daɗe a kan na sikeli.

"Ina mai shaida? Matso. Kin san wannan aikin?"

Barira ta matso, Sadiya a bayanta da ɗankwali a ka. Ta karɓi hoto. Ta kai shi kusa da ido. Ta nisanta shi. Ta sake matso da shi.

"La'ilaha illallahu! Wannan ai Sadiya ce! 'Yata ce!"

"Barira, nutsu," in ji Basiru. "Kama ce. Yara duk kamarsu ɗaya."

"Kama? Ni zan kasa gane abin da na haifa?" Ta fizge ɗankwalin kan Sadiya. Kai tas, an aske shi ƙwal. "Ashe kai ne! Kwana biyu ina zagaye gari ina neman wanda ya ɗaure wa 'yata kai da zaren buhu! Mun yi da hannu, mun yi da man gyaɗa, ya ƙi kwancewa, sai wanzami muka kira! Kowa na tambaya sai ya kama dariya!" Ta zaro na ƙarshe. "A buhu? A buhu ka sa min 'ya ka rataye a bishiya? Allah ya gafarta Malam, ni ma ƙara na kawo!"

Sadiya ta hango Basiru, ta miƙa hannu tana murna. "Bikit! Bikit!"

"Kun gani?" in ji Basiru da sauran ƙarfinsa. "Ni take nema."

Sai da mutum biyu suka riƙe Barira.

Da ƙura ta lafa, alƙali ya dubi Zakiyya. "Yarinya, wa yake kula da ita tun da uwarta ta tafi?"

Basiru ya yi mata alama da ido. Ta gyaɗa masa kai, kamar yadda ya ce. Sannan ta juya.

"Ni ce, Allah ya gafarta Malam. Ba ta cin tuwo sai an tsoma a miya an busa. Tana tsoron zakara. Tana da tabo a bayan kunnen hagu. Katinta na gaskiya yana cikin jakar makarantata, allura ɗaya ta rage mata. Kullum tana bakin zaure tana kiran Ummanta. Ina son ta, wallahi ina son ta. Amma ni ba uwarta ba ce, kuma jarrabawata saura sati shida."

Alƙali ya yi rubutu kaɗan. Ya ce riƙo na uwa ne, Ramlat ta bi Larai yau ɗin nan. Ci da sutura da magani suna kan uba. Ya ƙara da cewa Basiru ya dinga zuwa duk Juma'a yana ganinta.

"Ka zauna ka dube ta da kyau," in ji shi. "A fuska."

Da aka fito, Larai ta kama hannun Zakiyya ta matse. Zakiyya ta koma gida bayanta sakayau, iska tana shiga inda ɗumin yarinya ya saba zama. Sau biyu tana kai hannu ta gyara goyon da babu shi.

Washegari da sassafe ta sa kayan makaranta, sun ɗan matse ta. Ta haɗa kayan Ramlat a leda, da katin gaskiya, da ɗan kofinta mai marfi, za ta biya ta miƙa kafin a buga ƙararrawa. Basiru yana zaune a kan turmi yana bayani, ko da yake ba wanda ya tambaye shi.

"Ni fa da ma na yi niyyar bar mata. Tausayi ne ya kama ni. Kuma duk wanda ya san al'ada ya san kunya ce ta jawo. Mutum mai kunya ina zai tsaya ƙare wa 'yar fari kallo?"

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito. Ba ta cika magana ba, sai ta ga dama.

"Kai wannan." Haka take kiransa, don shi ne ɗanta na fari. "Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiran sunanka ba. Amma yau da idon nan nawa da ba ya gani, a jera min maza ɗari, da tarinka kaɗai zan fitar da kai. Sunan ake ɓoyewa, ba ɗan ake yarwa ba."

Zakiyya ta tsaya da jaka a kafaɗa. Ta ga Basiru ya sunkuyar da kai yana murza hula, har ta fara jin tausayinsa. Ta ce a ranta, yau dai magana ta shiga.

Sai ya ɗago, idonsa yana ƙyalli.

"Ɗaukaka ƙara! Barista ya ce akwai kotu ta sama. Wannan karon bidiyo za mu yi. Ke Zakiyya, ajiye jakar nan, makaranta ba guduwa za ta yi ba. Ki fara wanke min babbar rigar nan. In kin gama ki raka ni gidan su Larai, ki tsaya daga nesa, in yara sun fito wasa ki nuna min wacce ce a ciki."

Zakiyya ta dube shi. Ta dubi rigar da ya miƙo, da taswirar fitsarin Sadiya a bayanta.

"Mai ƙaho ɗaya a karye," in ji ta. "Ba za ka ɓata ba."

Ta fita ta ja ƙyauren langa-langa ta buga shi garam, har kaji suka watse, akuyar Inna ta saki ledar da take ci.